Kafin a Sayo wa Lauyoyi Ƙirƙirarriyar Basira, a Fara Nuna Mana Inda Dokar Take

Jama'a, kwanan nan da wuya a yi taron lauyoyi ko na alƙalai a tashi ba a ambaci ƙirƙirarriyar basira ba. Wani ya ce za ta riƙa rubuta wa lauya takardun ƙara, wani ya ce za ta zaƙulo masa hukunci cikin ƙiftawar ido, wani ma har ya fara tsoratar da ƙananan lauyoyi cewa aikinsu ya ƙare. A yi jawabi, a tafa, a raba jaka da biro, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa tambayata guda ce, kuma har yau ban ji wanda ya amsa ta ba: ita wannan na'urar, me za ta karanta? A ina za ta samo dokokin Najeriya cikakku, sahihai, waɗanda aka shigar da gyare-gyarensu har zuwa yau?

Ni ba lauya ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne, na kusa shekara 20 ina bin fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Amma duk wanda ya yi aikin ofis ya san ba a raba mu da doka. Ƙarin girma, ladabtarwa, kwangila, fansho, rigimar fili, duk sai an tura fayil wajen lauyoyi sun ba da shawara. A nan na ga wahalar da suke sha, kuma a nan na gane cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Mu fara daga sama. Kundin dokokin tarayya da har yanzu ake ambata a kotu shi ne LFN na 2004. Kafin shi akwai na 1990. Ku duba abin da ya faru tun daga 2004. An yi sabuwar Dokar Shaida a 2011, aka kuma gyara ta a 2023. An yi Dokar 'Yancin Samun Bayanai a 2011. An yi dokar gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA, a 2015. Dokar kamfanoni ta 2020 ta maye gurbin ta 1990. An yi dokar man fetur a 2021, aka yi Dokar Zaɓe a 2022, aka yi dokar kare bayanan mutane a 2023. Shi kansa kundin tsarin mulki na 1999 an yi masa kwaskwarima ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk wannan ba ya cikin waɗancan manyan littattafai da ke jere a kan kanta a ofisoshinmu. Wanda ya buɗe su ya dogara da su kawai, zai iya ba gwamnati shawara da dokar da ta daɗe da mutuwa.

Wannan fa tarayya ke nan, inda abin yake da ɗan dama-dama. Sauko jihohi ka ga abin mamaki. Majalisar jiha za ta zartar da doka, gwamna ya sa hannu, a ɗauki hoto, a sanar a rediyo. Je ka nemi kwafin dokar. Majalisa ta ce ka je ma'aikatar shari'a, can a ce ka je maɗaba'ar gwamnati, maɗaba'a ta ce ba a ba ta kuɗin bugawa ba. Na taɓa gani da idona a wani ofis da na yi aiki, lauyoyi uku suka kwashe kusan mako biyu suna neman gazet guda ɗaya da ke ɗauke da gyaran wata ƙa'ida. A ƙarshe wajen wani dattijo da ya yi ritaya aka samo ta, a cikin akwatin ƙarfe, gefe guda gara ta ci. Da Allah Ya karɓi ran wannan bawan Allah kafin lokacin, shi ke nan, dokar ta bi shi.

Sannan a ce maka rashin sanin doka ba uzuri ba ne. To, na yarda. Amma wanda ya ɓoye dokar fa, shi mene ne hukuncinsa?

Hukunce-hukuncen kotu ma haka abin yake. Tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila ya ginu ne a kan bin sawun hukuncin da ya gabata. Abin da Kotun Ƙoli ta yanke ya hau kan kowace kotu da ke ƙasa da ita. Ke nan hukuncin Kotun Ƙoli doka ce, daidai da wadda majalisa ta yi. Amma wa ke tattara su ya buga? 'Yan kasuwa. Marigayi Gani Fawehinmi, Allah Ya ji ƙansa, shi ya kafa NWLR a 1985, ya riƙa buga hukunce-hukunce mako-mako don kada su zama sirrin wasu tsirarun manyan lauyoyin Legas. Daga baya kamfanoni irin su LawPavilion da Legalpedia suka ɗora su a kwamfuta da waya. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Sun ga giɓi sun cike, sun zuba kuɗinsu da guminsu, dole su nemi riba. Laifin na wanda ya bar giɓin ne. Alƙalin da ya rubuta hukuncin da kuɗin jama'a ake biyansa albashi. Ginin kotun da kuɗin jama'a aka yi shi. Takarda da tawada da man janareta duk daga baitulmali suka fito. Amma in ɗan ƙasa yana son karanta abin da aka yanke da sunansa, sai ya biya kuɗin shiga.

Ku kwatanta mutum biyu. Ga babban lauya mai muƙamin SAN a Abuja, yana da ɗakin karatu cike da littattafai, ya yi rajista da duk manhajojin nan, yana da yara goma masu yi masa bincike. Ga kuma matashin lauya a Gumel ko Zuru ko Potiskum, shekararsa biyu da fitowa daga makarantar horar da lauyoyi, abin da yake samu da ƙyar ya kai shi ƙarshen wata. Shi bincikensa a zauren WhatsApp yake yi: "Don Allah wa ke da hukuncin kaza, ya taimaka min, gobe zan shiga kotu." Wani ya turo masa hoton shafuka biyar da aka ɗauka a karkace, shafi na shida babu. Bai san ko an soke hukuncin a sama ba. Washegari su biyun za su tsaya gaban alƙali ɗaya, a ce kowa ya kawo hujjarsa. Wa ke ɗaukar matashin nan aiki? Talaka. Bazawarar da aka cinye wa 'ya'yanta gona, ɗan acaɓan da aka kama cikin shara, ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka in lauyan talaka ya shiga kotu da makami mara kaifi, ba shi ke kwana a gidan yari ba. Kuma mun sani, kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Yanzu mu dawo kan na'urar da ake ta yi wa kirari. A 2023, a wata kotun tarayya da ke birnin New York a Amurka, wasu lauyoyi suka shigar da takarda a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca. Sun kafa hujja da hukunce-hukunce guda 6 da ChatGPT ta ba su, da sunaye da lambobi da komai, tsaf kamar gaske. Da aka bincika sai aka tarar babu ko ɗaya a duniya, na'urar ce ta ƙaga su. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, sunansu kuma ya zagaya duniya. Ku lura, wannan a Amurka ne, inda hukunce-hukunce ke birjik a intanet, inda lauyan ɗaya ɓangaren ya duba nan take ya ce bai ga waɗannan shari'o'i ba. To a nan fa? A kotun da alƙali ba shi da hanyar dubawa, lauyan ɗaya ɓangaren ma ba shi da ita? Ƙaryar za ta wuce salin-alin, ta shiga cikin hukunci, gobe wani ya kafa hujja da ita. Irin waɗannan manhajoji in ba su da sahihin abin da za su dogara da shi ba sa yin shiru, cike gurbin suke yi da abin da ya yi kama da gaskiya. Kawo su ƙasar da ba ta tattara dokokinta ba kamar ka ɗauko gwanin tela ne ka hana shi yadi, sannan ka ce lallai sai ya fito maka da riga.

Kada wani ya ce ina adawa da ci gaba. Wallahi ni ne kan gaba wajen son a sauƙaƙa wa lauyoyi da alƙalai aiki da na'ura. Sai dai aikin da ya fi buƙatar na'ura a kotunanmu ba shi ne ake tallatawa a taro ba, domin ba shi da ƙyalli.

Har gobe, a yawancin kotunanmu alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da shaida ya faɗa. Shaida ya yi jimla ɗaya, a ce ya dakata mai shari'a ya gama rubutawa. Shaidar da za a ɗauka cikin awa ɗaya sai ta ci yini. Sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya ce kotu ta yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan kammala sauraren shaidu da jawaban ƙarshe, kuma ta ba ɓangarorin sahihin kwafi cikin kwana 7. Ku tambayi duk lauyan da kuka sani sau nawa ya karɓi kwafin hukunci cikin kwana 7. Alhali lokacin ɗaukaka ƙara ba ya jiran kowa: zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 14 ne a kan hukuncin wucin gadi, wata 3 a kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba. Agogo na tafiya, lauya na sintiri a ofishin rajistara.

Mutanen Kano ba sa bukatar a tuna musu abin da ya faru a watan Nuwamba na 2023. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncinta a shari'ar kujerar gwamna, sai ga sahihin kwafin da aka fitar ɗauke da wani sakin layi da ya ci karo da abin da aka karanta. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Gari ya ɗauki zafi, har sai da Kotun Ƙoli ta rufe maganar a watan Janairu na 2024. Ba siyasar abin ce ta dame ni ba, ni ma'aikaci ne, ba ni da jam'iyya a nan. Abin da nake so ku gani shi ne, in irin wannan zai faru a shari'ar da duk ƙasa ta zuba wa ido, me ke faruwa da fayil ɗin Malam wane da ke rigimar kanti a kasuwa? Da a ce dokarmu ta tilasta a ɗora hukunci a shafin kotu ranar da aka karanta shi, da sa hannun alƙali da lambar da ba ta canzawa, da ƙofar zargi ta ragu ƙwarai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka nan Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da rassa kusan 20 a faɗin ƙasa, kuma su kansu manyan alƙalai sun sha kokawa a kan yadda reshe ke yanke hukuncin da ya saɓa wa na wani reshe a kan magana iri ɗaya. Wani lokaci mu kan yi saurin cewa an ci kuɗi. Amma wani lokacin alƙalin Sakkwato bai ma san abin da ɗan'uwansa na Kalaba ya yanke watan jiya ba, domin babu rumbu guda da kowa ke zubawa yana ɗiba.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi shafar mu 'yan Arewa, wanda masu jawabi a Legas da Abuja ba sa ko tunawa da shi. Mafi yawan mutanenmu ba su taɓa taka Babbar Kotu ba. Shari'arsu ta aure, saki, gado, riƙon yara, bashi da iyakar gona a kotunan shari'ar Musulunci da kotunan yanki take ƙarewa, kuma da Hausa ake yin ta. Alƙalai na komawa ga Risala da Mukhtasar da Tuhfa, su yanke hukunci, a rubuta a babban littafi, a ajiye a kabad. Na san malamai za su ce a fiƙihu alƙali nassi yake bi, hukuncin wani alƙali bai ɗaure shi ba kamar yadda yake a tsarin Turawa. Gaskiya ne. Amma ai ana ɗaukaka ƙara daga waɗannan kotuna zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, daga can zuwa ta tarayya, har Kotun Ƙoli. Lauyan da ke wannan aiki yana da buƙatar sanin yadda ƙadi-ƙadin jiharsa suka fahimci mas'ala. Ɗalibin shari'a a Zariya ko Kano ko Maiduguri yana da buƙatar karanta su. Wace manhaja ce ke ɗauke da waɗannan hukunce-hukunce cikin Hausa? Wane kamfani ne zai zuba kuɗinsa a nan, alhali masu sayen ba su da yawa kuma ba su da ƙarfi? In gwamnatocin jihohinmu ba su yi ba, babu mai yi. Kuma duk na'urar da za a gina gobe, ba za ta san da zaman wannan ilimi ba, tamkar ba a taɓa yin sa ba.

Na san abin da za a ce, domin mu ma a ofis shi muke cewa: babu kuɗi. Haba jama'a! Kenya ba ta fi mu arziki ba. Tun 1994 suka yi dokar kafa hukumar da aikinta shi ne buga hukunce-hukunce, yau kuma shafin Kenya Law na ɗauke da dokokinsu da hukuncin kotunansu da gazet ɗinsu, kyauta, ko daga Funtuwa ka buɗe za ka karanta. Afirka ta Kudu na da SAFLII. Ingila na da shafin gwamnati da za ka ga doka yadda take a yau da yadda take kafin a gyara ta. Mu ma nan akwai masu ƙoƙari irin su NigeriaLII da cibiyar PLAC da ke ɗora abin da suka samu kyauta, Allah Ya saka musu. Amma aikin sa-kai ba zai maye gurbin hukuma ba, domin kotu sahihin kwafi take nema, kuma hukuma kaɗai ke iya cewa wannan shi ne sahihi. Kuɗin motocin rakiyar babban mutum guda ɗaya sun isa a sayi na'urorin ɗaukar hoton takardu, a ɗauki matasa masu digiri a kan shari'a, a ɗora dokokin jiha kaf a intanet. Ni da nake ganin yadda ake tsara kasafi na san matsalar ba ta kuɗi ba ce. Aikin ne ba shi da rufin da za a yi wa fenti, ba shi da ƙyallen da za a yanke a kira 'yan jarida.

Za a kuma ce ai akwai sirrin mutane, shari'ar aure da ta fyaɗe da ta ƙananan yara. Wannan magana ce mai kyau, kuma maganinta sananne ne: a cire sunaye da adireshi kafin a ɗora, a bar hujja da hukunci. Ƙasashen da na ambata haka suke yi. Wasu kuma za su ce babu wuta, babu sabis. To ai a 2020, lokacin korona, kotunanmu sun zauna ta intanet, Kotun Ƙoli kuma ba ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki ba. Da uwar bari ta zo an iya. Yanzu me ya hana?

Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a fili. Duhun nan yana yi wa wasu rana. Wanda ke karɓar na goro kafin ya nemo maka fayil ba ya son ranar da za ka danna waya ka gani. Wanda ya tara littattafai shekara 30 yana cin kasuwa da su, ba lallai ya yi murna da yaron da zai same su a tafin hannunsa ba. Mu ma'aikata ma muna ciki, domin an saba mana da buga wa kowace takarda hatimin sirri, har da wadda aka yi ta don jama'a su karanta.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. A yi doka cewa duk dokar da gwamna ko shugaban ƙasa ya sa wa hannu, a ɗora ta a shafin hukuma cikin 'yan kwanaki, kyauta, a rubutun da za a iya bincika kalma a ciki, ba hoton da aka ɗauka da waya ba. Duk gyaran da aka yi a shigar da shi cikin uwar dokar, a nuna ranar. Kowace babbar kotu ta ɗora hukuncinta da lamba ta dindindin, a kuma nuna ko an ɗaukaka ƙara, ko an tabbatar, ko an soke. A sa na'urar naɗar magana a kotuna da ma'aikatan da za su mayar da ita rubutu, a sauke wa alƙalai biro. A riƙa tura wa lauyoyi da masu ƙara saƙon waya in kotu ba za ta zauna ba, maimakon mutum ya taso daga Birnin Gwari da asuba, ya sayar da ransa a hanya, ya iso a ce mai shari'a ya tafi taro. A fassara manyan dokokin da suka shafi talaka zuwa Hausa, a kuma fara tattara hukunce-hukuncen kotunan shari'a. In an yi wannan, kamfanoni su zo su yi gasa a kan wanda zai fi iya tsarawa da sharhi da saurin bincike, su ci ribarsu halal. A lokacin ne ƙirƙirarriyar basira za ta yi amfani, domin duk abin da ta faɗa akwai inda lauya zai je ya tabbatar kafin ya sa hannu.

Abokaina lauyoyi, ku ne da ƙungiya, ku ke da NBA mai rassa a kowace jiha, ku ke zama da manyan alƙalai da kwamishinonin shari'a. In an kira taro na gaba aka fara maganar na'ura, wani ya miƙe ya tambayi kwamishina: ranka ya daɗe, dokokin da majalisar jiharmu ta yi cikin shekara 10 da suka wuce, a wane shafi zan same su? In ya ba da amsa, ku turo mana mu ma mu gani. In kuwa ya fara kame-kame, to kun san inda aikin yake. 'Yan majalisarmu na jiha kuma, ga ƙudurin da ba ya buƙatar biliyoyi, wanda zai amfani mutanen mazaɓarku ko bayan kun bar kujera.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya kuma fitar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba.